Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara: Me Ya Dace Ya Lulluɓe Ƙasar Inuwa a Gidajen Agege?

Duk wanda ya taɓa yin damina a Agege ya san gindin bishiyar tsakar gida fuska biyu gare shi. Da rani nan ne majalisa: a shimfiɗa tabarma, a kawo shayi, yara su jingina allunansu. Da ruwan watan Yuni ya sauka kuwa, sai wurin ya koma caɓi, jar laka ta bi takalmi har cikin ɗaki, saiwoyin mangwaro su fito fili kamar jijiyoyin hannun tsoho, ƙasar da ta rufe su ta bi ruwa ta nufi kwata. Shekara ta zagayo a sayo yashi a zuba, damina ta sake kwashewa. Daga ƙarshe mai gida ya gaji, ya kira birkila a malale wurin da siminti. Wani ma bishiyar yake sarewa, ya ce a huta.

A 'yan shekarun nan an ƙara shawara ta uku. Matasa masu sha'awar gyaran gida suna ganin hotunan lambunan Turai a waya, inda gindin manyan itatuwa yake lulluɓe da wani ganye kore shar, babu laka, babu ƙura, babu ciyawar banza. Sunansa aibi, kuma an fi saninsa da aibin Ingila. Masu rubutu a kan lambu suna yabonsa da cewa ba ya gudun inuwa, ba ya kaɗe ganye, ba ya neman hidima. To, mutumin Agege da ke fama da laka yana da hujjar tambaya: ni ma in nemo shi? Amsar tana buƙatar a raba abu biyu da ake haɗawa, wato dabarar rufe ƙasa da rayayyen ganye, da kuma shukar da za a ba wannan aiki. Dabarar kam, Agege ta fi Landan bukatarta. Shukar ce ake da magana a kanta.

Wane ne aibi?

Aibi tsiro ne mai yaɗo, dangin abin da Bahaushe zai jera tare da yaɗiya da duma a wajen ɗabi'a, ko da yake ba zuriyarsu ɗaya ba. Masana tsirrai suna kiransa Hedera helix, sunan da masanin nan na ƙasar Suwidin, Linnaeus, ya tabbatar masa a 1753. Asalinsa Turai ne da yammacin Asiya. A can yana rayuwa a ƙasan daji, inda hasken rana ba ya isa sosai, kuma ganyensa yana nan kore ko a tsakiyar hunturu lokacin da sauran itatuwa suka zama ƙarare.

Rayuwarsa hawa biyu ce. Yana ƙarami, ganyensa mai kusurwa uku zuwa biyar ne, yana rarrafe a ƙasa, duk gaɓar da ta taɓa danshi sai ta yi saiwa. Idan ya ci karo da bango ko gangar itace, sai ya fitar da wasu ƙananan saiwoyi masu mannewa ya kama hawa, har ya kai mita ashirin ko fiye. Can sama, inda ya sami haske, sai ya sake kama: ganyen ya zama mai santsin gefe, ya yi fure, ya yi 'ya'ya baƙaƙe ƙanana. Tsuntsaye su ci, su kai irin wani daji. Wannan na nufin muddin yana kwance a ƙasa ba ya haihuwa ta iri, amma ranar da aka bar shi ya hau itace, ya fita daga hannun mai lambu.

Turawa sun daɗe suna ƙaunarsa. Tsofaffin gine-ginen jami'o'i da coci-coci da yawa suna sanye da shi, har ma rukunin manyan jami'o'in Amurka irin su Harvard da Yale da Princeton da sunansa ake yi musu laƙabi. Ana kuma tace sinadarin ganyensa a masana'anta a haɗa wasu magungunan tari. Amma ɗanyen ganyen da 'ya'yan suna da guba ga mutum, ruwan jikinsa yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, dabbar da ta ci da yawa kuma tana iya kamuwa da ciwon ciki. A gidan da yara ke rarrafe, akuya ke yawo, wannan kaɗai ya isa a tsaya a yi tunani.

Ikko ba garinsa ba ce

Babbar matsalar aibi a Legas ita ce zafi haɗe da laima. A Landan, tsakiyar bazararsu da rana zafi yakan tsaya wajen digiri 23. A Ikko, wato Legas, wannan shi ne abin da ake samu da tsakar dare a yawancin watanni, rana kuwa takan haura 30. Wato sanyin asubar Agege shi ne zafin azaharsu. Aibi tsiro ne da ya saba da hutun sanyi, kuma a nan babu ranar da zai huta. Idan aka dasa shi a ƙasa, abin da ya fi faruwa shi ne ya tsaya cak, ganyensa ya yi ɗigo-ɗigo, saiwarsa ta ruɓe da damina, da rani kuma wasu ƙananan ƙwari dangin gizo-gizo su tsotse shi. Wanda ke ajiye shi a tukunya cikin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki zai iya lallaɓa shi ya rayu, amma ado a kan tebur daban, shimfiɗar da za ta riƙe ƙasar tsakar gida daban. Ko a Najeriya, wuraren da yanayinsu ya ɗan yi kusa da abin da yake so su ne tuddai masu sanyi irin Jos da Mambila.

A ce ma ya karɓi ƙasar, nan ma da sauran magana. Turawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka sun tafi da shi don ado. A arewa maso yammacin ƙasar ya sami yanayi irin na gidansu, ba tare da abubuwan da ke taka masa birki a can ba, sai ya tsere daga lambuna ya shiga daji. Ya shimfiɗe ƙasa har ƙananan itatuwa suka kasa tsirowa, ya hau manya ya yi musu nauyi har iska ke kayar da su. A birnin Portland, tun 1994 ake da ƙungiyar 'yan sa-kai da aikinta shi ne tuge aibi daga dajin shaƙatawa na birnin, kuma jihar Oregon ta haramta sayar da shi. Abin da ake yabonsa da shi a lambu, wato rashin gudun inuwa da rashin neman hidima, shi ne ya mayar da shi annoba a daji.

Mutanen kudu maso yammacin Najeriya ba sai an kai su Amurka ba kafin su gane wannan darasi. Ciyawar da Yarabawa ke kira Akintola, wadda ta cika gonaki da bakin hanyoyi daga Legas har Binuwai, asalinta nahiyar Amurka ce, kuma an ruwaito ta shigo ne a 1937 cikin irin itacen malaina da aka kawo Inugu daga ƙasar Siri Lanka. Haka wata irin kainuwa mai shuɗin fure, ita ma 'yar Kudancin Amurka, wadda kyan furenta ne ya sa aka yi ta yawo da ita a duniya. Ta shigo ruwan Legas ta Badagiri a 1984, kuma har yau duk shekara tana toshe wa jiragen ruwa da masunta hanya a wajen Ikorodu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Wannan ba ya nufin duk baƙon tsiro mugu ne. Darbejiya 'yar Indiya ce, an fara dasa ta a Borno a 1928, yau kuwa da wuya ka shiga garin arewa ba ka zauna a inuwarta ba. Mangwaro ma baƙo ne, haka rogo da masara da tumatir. Abin tambaya a kan kowane baƙo abu uku ne: zai rayu a nan, yana da amfani, kuma in ya yi ƙarfi za a iya tsawata masa? Aibi ya faɗi a ta farko a Agege, ya faɗi a ta uku a inda ya ci ta farko.

Abin da ƙasa tsirara ke jawowa

Legas tana samun ruwan sama fiye da milimita 1,500 a shekara, wato ya ninka na Landan fiye da sau biyu, kuma ya zarce na Kano nesa ba kusa ba. Yana zuwa ne a zango biyu: mai ƙarfi daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ga lissafi mai sauƙi. Milimita ɗaya na ruwa daidai yake da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. Idan tsakar gida da rufin ɗakuna sun kai murabba'in mita 100, aka yi ruwan milimita 50 a yini guda, to lita 5,000 ce ta sauka a gidan, wato jarka 200 ta mai lita 25. Dole ruwan nan ya sami wurin zuwa: ko ƙasa ta shanye, ko ya fita ƙofar gida.

Ɗigon ruwan sama da ya faɗo kan ƙasa tsirara yana dukanta ne kamar ƙaramin guduma. Yana farfasa dunƙulen ƙasa, garin ya toshe ƙofofin da ruwa zai bi ya shige, sai saman ya yi ɓawo. Daga nan ruwan ya kama gudu yana ɗauke da ƙasa. A ƙarƙashin bishiya abin ya fi muni, domin ruwa yana taruwa a ganye ya zubo da manyan ɗigo, ga kuma ƙafafun mutane da suka daddaɓe wurin shekara da shekaru. Ƙasar da ta bar gidan ba ɓacewa take yi ba. Ita ce baƙar lakar da ake kwasowa daga kwata ranar share unguwa, a tara a bakin titi, ruwa na gaba ya mayar da ita.

Siminti da intalok suna maganin laka, wannan gaskiya ne, kuma babu mai cewa a bar hanyar shiga ɗaki ko wurin wanki a ƙasa. Sai dai idan aka malale gida kaf, jarka 200 ɗin nan gaba ɗaya waje za su fita cikin 'yan mintuna. Gida ɗaya ba komai, amma unguwa guda ta yi haka, sai kwatar da aka gina don rabin wannan ruwa ta yi amai, waɗanda ke gangare su kwana suna kwasar ruwa da bokiti. Mazauna Legas ba su manta da ruwan ranar Lahadi 10 ga Yuli, 2011 ba, wanda ya mamaye unguwanni da dama ya ci rayuka. Ambaliya irin wannan tana da dalilai da yawa, daga shara a magudana zuwa gini a kan hanyar ruwa, amma kowane taku na ƙasa da aka toshe yana ƙara mata ƙarfi. Ga kuma zafi: siminti yana shan rana wuni guda ya riƙa amayar da ita da dare, daidai lokacin da babu wuta kuma fanka ta tsaya. Bishiyar da aka zagaye gindinta da kankare har wuya ita ma a hankali take shaƙewa, ko ta fasa shi da saiwa.

Shimfiɗar ganye tana yin abin da siminti ba ya yi. Ganyen ya tare ɗigon, ƙananan saiwoyi su ɗinke saman ƙasa, tsutsotsin ƙasa da sauran ƙwari su huda ta, ruwa ya sami hanyar shiga. Manoman kudu sun daɗe da sanin haka. A gonakin kwakwar manja da na roba ana shuka wasu dangin wake masu yaɗo a tsakanin itatuwa, kuma cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1967, ta yi dogon aiki a kan rufe gona da irin waɗannan tsirrai, ciki har da wani nau'in ƙarara marar ƙaiƙayi. Manomin arewa ma da ke barin wake da kabewa su yi yaɗo a ƙarƙashin dawa, abin da yake yi ke nan ko bai sa masa suna ba.

Agege ta taɓa sanin inuwa

Abin da mazauna yanzu da yawa ba su sani ba shi ne, ƙasar da suke takawa a Agege gona ce ta itatuwa a da. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, attajiran Legas irin su Jacob Kehinde Coker sun buɗe manyan gonakin koko da goro a yankin Ifako da Agege, har suka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907. Jirgin ƙasa daga Legas zuwa Ibadan ya fara aiki a 1901 yana tsayawa a Agege, zuwa 1912 kuma layin ya haɗe da Kano. Goron da kakanninmu ke tafiyar watanni zuwa Gwanja da jakuna don sayowa, sai ga shi ana nomansa a bakin tasha. Wannan ne ya jawo fatake, zango ya kafu, ya zama unguwa mai sarki da limamai da makarantun allo. Har ma akwai masu cewa sunan garin ya samo asali ne daga kalmomin Yarabanci masu ma'anar masu saran itace.

Wanda ya taɓa shiga gonar goro ko ta koko a Ogun ko Ondo ya san yadda ƙasanta take. Ba a share ta. Busasshen ganye ne jibge, ƙafa na nutsewa, in ka tona sai ka ga ƙasa baƙa mai sanyi. A tsakanin itatuwan kuma manoma suna barin gwaza da wani tsiro mai faffaɗan ganye da Yarabawa ke kira ewe eran, wanda ake naɗe alala da shinkafar ofada da shi, ɗan'uwan ganyen fita da aka san huhun goro da shi. Tsiron nan inuwa yake so, ganyensa kore ne duk shekara in akwai danshi, kuma kuɗi ne a kasuwa. Wato tambayar da matashin Agege ke nema wa amsa a hotunan Ingila, ƙasar da ke ƙarƙashin gidansu ta amsa ta shekara ɗari da suka wuce.

Abin da ya canja shi ne, mun zo da al'adar tsakar gida ta arewa muka shimfiɗa ta a kurmi. A Kano ko Katsina, tsabtar gida ita ce a share tsakar gida tas safe da yamma, a yayyafa ruwa, a ga sawun tsintsiya. Al'adar tana da hujja: ƙasa mai yashi, damina gajera, ga kunama da maciji da ake son a hango tun daga nesa. A Agege kuwa tsintsiyar nan tana kwashe rigar da ƙasa ke bukata, a ƙone ta a bakin kwata, sannan ruwa ya zo ya tarar da ƙasa ba kariya.

Waɗanda za su iya aikin

Kafin a zaɓi shuka sai a auna inuwar. Inuwar mangwaro mai duhu ce, ta itacen almon da 'yan Legas ke kira furut ma haka. Inuwar gwanda, zogale ko kwakwa kuwa tana da taga, rana na leƙowa. Akwai kuma inuwar bango, lungun da ke tsakanin gida da katanga, wanda ke samun rana awa biyu ko uku.

A inuwa mai taga, ciyawar kafet ce kan gaba. Faffaɗan ganye gare ta, tana kwanciya a ƙasa, tana jure taku, tana son laima, kuma ana samunta wurin masu sayar da furanni a bakin manyan tituna, ko ma a bakin fili inda ta fito da kanta. Kada a rikita ta da kirikiri, wanda muka sani a filayen ƙwallo: kirikiri ɗan rana ne, a inuwa sai ya yi sirara ya mutu. Akwai kuma wata 'yar'uwar gyaɗa daga Burazil, mai ƙananan furanni rawaya, wadda ba ta tashi sama kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar sauran dangin wake.

Wanda ke son abin da zai shiga tukunya yana da zaɓi. Ganyen gure, wanda Yarabawa ke kira gbure, yana fitowa a ɗan inuwa, ana dasa shi da yankakken kara, kuma da damina yakan rufe wuri da sauri. Dankali yana yaɗo sosai a inda rana ke ɗan shiga. Ba zai yi 'ya'yan kirki a inuwa ba, amma ganyensa miya ne kuma abincin akuya. Na'ana'a tana son danshi da rabin inuwa, kuma mai shayin bakin layi ba zai ƙi ta ba. Gwaza da citta da kurkur sun dace da can ƙuryar lungu, sai dai sukan kwanta da rani. Sharaɗi guda ne a nan: abin da za a ci kada a shuka shi inda ruwan kwata ko na bayan gida ke bi, ko inda bakanike ya taɓa zubar da baƙin mai da ruwan batir.

A inuwa mai duhu, inda ciyawa ba ta rayuwa, akwai tsirran ado da suka saba da ƙasan kurmi. Mafi shahara shi ne mai ganye kamar zuciya, kore da ratsin rawaya, wanda masu sayarwa ke kira da sunan Turanci mai ma'anar shukar kuɗi. A gaskiya shi ne ke yin a Legas abin da aibi ke yi a Landan: yana rarrafe, yana saiwa a gaɓa, ba ya kaɗewa. Amma halinsu ma ɗaya ne. In ya sami gangar bishiya sai ya haye, ganyensa ya yi girman faifai, kuma ruwansa yana ƙona baki in yaro ya tauna. A wasu ƙasashe masu zafi irin Siri Lanka ya riga ya zama fitina a daji. Haka wani mai rawayan fure da ake kira wedeliya, wanda ake yawan gani a gaban ofisoshi: yana rufe ƙasa da sauri, amma yana cikin jerin tsirrai da dabbobi ɗari mafi mamaya a duniya. Waɗannan biyun sai mai almakashi a hannu, kuma abin da aka yanke kada a watsa shi a magudana ko kangon maƙwabci.

Akwai kuma shimfiɗar da ba a shukawa. Inda duhu ya yi yawa ko taku ya yi yawa, a tara busasshen ganyen bishiyar kanta a gindinta, kaurin yatsu uku ko huɗu, a zagaye da bulo don kada ruwa ya kwashe. Ɓawon gyaɗa, ɓawon kwakwa da aka farfasa, ko tsohuwar dusar katako duk suna yin aikin. Kyauta ne, kuma shi ne abin da gonar goro ke yi wa kanta.

Maganar maciji da sauro

Duk wanda ya kawo wannan shawara a gidan Bahaushe ya san abin da zai fara ji: “Kai yaro, macizai za ka tara mana?” Tsoron ba na banza ba ne, bai kuma kamata a yi masa dariya ba. Maciji yana bin ɓera da kwaɗo, yana son wurin ɓuya. Tarin ganye mai zurfi, irin wanda aibi ke yi, maɓoyar ɓera ce ko a Amurka. Saboda haka shimfiɗar tsakar gida kada ta wuce idon sawu, a bar tsiri na fili tsakaninta da bangon ɗaki kamar kamu biyu, kada a jingina mata tarin katako ko tsofaffin kwanoni, kuma kada a zubar da sauran abinci a cikinta.

Sauro kuwa a ruwa yake haihuwa, ba a ganye ba. Kududdufin da ke kwana a kan ƙasar da ta yi ɓawo, da kwatar da ta toshe, da tsohuwar taya, su ne gidan haihuwarsa. Ƙasar da ke shanye ruwanta tana rage masa wuri. Amma gaskiya ne baligin sauro yana fakewa da rana a ganye mai duhu da danshi, don haka dogayen tsirrai irin gwaza a kai su nesa da taga, sannan gidan sauro yana nan a matsayinsa. Masu zagaye shuka da tsofaffin tayoyi su tabbata sun huda su ko sun cika su da ƙasa.

Sauran matsalolin na zaman birni ne. Yawancin mutanen Agege 'yan haya ne a gidaje masu ɗakuna fuska da fuska, tsakar gidan ta kowa ce, kuma abin kowa ba mai ban ruwa. Ga kaji masu tono, ga ragon layya da ake ɗaurewa a gindin bishiya. Ɗan haya ba zai kashe kuɗi a ƙasar da za a iya ba shi takardar tashi gobe ba. Shi ya sa wuraren da abin ya fi yiwuwa su ne harabar masallaci, makarantun Islamiyya, gidajen da masu su ke zaune a ciki, da gefen maƙabarta. A masallaci ma akwai wata garaɓasa: ruwan alwala da ke malala sau biyar a rana, babu sabulu a ciki, ya isa ya riƙe ɗan lambu kore har ƙarshen rani idan aka ja masa 'yar hanya. Gwamnatin jihar tana da hukumar lambuna da wuraren shaƙatawa, LASPARK, da aka kafa zamanin Gwamna Babatunde Fashola, kuma 14 ga Yuli ce ranar dashen itatuwa ta jihar. Ƙungiyoyin matasa da kwamitocin masallatai suna iya rataya aikinsu a wannan rana, amma su tuna dasa itace rabin aiki ne in an bar gindinsa tsirara.

Yadda za a fara

Lokacin farawa shi ne Afrilu ko Mayu, da ruwa ya zauna amma kafin mamakon Yuni. A fara da ɗan wuri, kamar faɗin tabarma biyu, a gefen da ba a takawa. A sassauta saman ƙasa da ƙaramar fartanya, ba zurfi, don kada a sare saiwar bishiya. A zuba taki wanda ya ruɓe sosai. Kashin shanu ba ya wuya a garin da ke da mayankar Oko-Oba, amma ɗanye yana ƙona shuka yana tara ƙuda. Kada a tara ƙasa ko ganye a jikin gangar itacen, a bar mata wuya. A dasa yanka ko tsiro tazarar kamu ɗaya zuwa biyu, a rufe tsakaninsu da busasshen ganye, a kare da kara ko tsohuwar raga har su kama. Watanni biyu ko uku na farko sai an cire ciyawar banza da hannu. Inda mutane suka saba bi, a jera duwatsu ko fasassun bulo, domin ƙafa ba ta canja hanya don an roƙe ta. Wurin tabarmar majalisa kuma a bar shi yadda yake, ko a zuba masa tsakuwa.

Malamanmu suna karantar da cewa lokacin da kifi ya amayar da Annabi Yunusa, Alaihis Salam, a fili babu kariya, tsiro mai yaɗo dangin kabewa ne aka tsirar ya yi masa inuwa. Ba doguwar bishiya ba, abin da ke rarrafe a ƙasa. Mu ne muke raina irin waɗannan tsirrai, muna kiransu ciyawa, har sai mun gan su a hoton Turai da sunan Turanci sannan su yi mana kwarjini. Gure da dankali da ciyawar kafet suna nan a bakin kwata da kangaye, suna yin aikin ba wanda ya sa su. Idan uwar gida ta ɗauki tsintsiya gobe da safe, ta share ƙofar ɗaki da madafi da hanyar baƙi tas kamar yadda ta gada. Ganyen da ya zubo a gindin mangwaro kuwa, ta tura shi ciki maimakon waje, ta bar wa ƙasa zanenta.